'Yar Mesa da Kaskon Turarena

Na tsani maciji tun ina yarinya, kuma har gobe ban daina ba. Na fara da wannan ne don kada wani ya zaci son dabbobi ne ya zaunar da ni ina rubuta labarin wata 'yar mesa da tsawonta bai kai kamu ɗaya ba. Haushi ne ya zaunar da ni. Shekara biyu ke nan, amma duk ranar da na tuna sai haushin ya dawo min sabo.

A unguwar Ƙuba ta Madina muke zaune, hawa na biyu, daga ni sai 'yata. Ita kaɗai Allah ya ba ni, kuma 'yar fari ce, don haka ba na kama sunanta, "ke" nake ce mata. Mahaifinta ya rasu tana sakandare. Ni daga Chadi aka kawo ni ina amarya, na taho da sana'ar mahaifiyata, wato haɗa turaren wuta da humra. Duk matar da za ta aurar da 'ya tsakanin Ƙuba da Jurf ta san ƙofata. Gidana garwashi ba ya mutuwa, kasko ɗaya a falo, ɗaya a kicin inda nake gwada sabon haɗi.

Ita kuwa yarinyar nan a Madina aka haife ta. Hausa tana jin ta tsaf, har zagi, amma tun tana 'yar shekara goma in na yi mata magana da Hausa sai ta mayar min da Larabci. In ce ta ɗauko min ludayi, ta ce "ɗayyib, Mama." In yi ta faɗa har muryata ta dushe, ta ce "halas, Mama." Wato "to" da "shi ke nan." Kamar ina haya da Balarabiya a gidana. Tana da ciwon ƙirji, abin fesawar nan na masu asma ba ya barin jakarta, ni kuma kullum ina gaya mata mukayyif ne, wato na'urar sanyaya ɗaki, da shan ruwan sanyi, ba ta ji.

Sai maganar tawul. Yarinyar nan ta girma, tana aiki a shagon tabarau, amma kullum sai ta naɗe tawul ta cusa a ƙasan ƙofar ɗakinta. In tana ciki ta cusa ta ciki, in za ta fita ta rufe ƙofa ta cusa ta waje. Tawul mai kyau, a ƙasa, inda ake takawa! Baƙi su shigo falo su gan shi kwance kamar mushen kyanwa. Na yi faɗa na gaji, na ɗauke ya fi sau ɗari, ta mayar. Na bar ta a kan ƙazanta ce irin ta 'ya'yan yanzu.

Wata Alhamis bayan la'asar ta shigo, direban tasi na biye da ita ɗauke da akwatin gilashi. Na ɗauka kifi ne. Da ta buɗe wata 'yar roba mai huji-huji na leƙa, wallahi sai da na zubar da kwanon sandal ɗin da ke hannuna.

"Maciji? A gidana? Ke, kanki ɗaya kuwa?"

Ta hau yi min bayani da Larabcinta. Wai mesa ce ƙarama, irin wadda ba ta da dafi, ba ta sara, in ta tsorata dunƙulewa kawai take yi ta ɓoye kanta a tsakiya. Wai wata huɗu tana jiran a ƙyanƙyashe ta, yanzu watanta ɗaya a duniya, sau biyu kacal ta taɓa cin abinci. Na duba, ga ta nan kuwa a dunƙule kamar curin fura, baƙi da ruwan zuma. Na ce ko dunƙulen zinariya ce ba za ta kwana min a gida ba. Ta kwana.

Abin da ya ƙara tunzura ni, ashe ranar Lahadi wurin aikinsu zai tura ta Jidda kwas na mako uku. Kin san za ki yi tafiya, ki kwaso min bala'i ki ajiye? Ta ce ba ita ta zaɓi ranar ba, mai shagon ya ce ko ta ɗauka yanzu ko ya ba wani. Kwana biyu ban yi mata magana ba.

Ranar tafiyar, jakarta na bakin ƙofa, ta zo ta same ni a kicin ina soya itacen hawi da sukari. Ta tsaya a bayana ta ce:

"Inna, amana ce. Ki kula min da ita. Don Allah."

Da Hausa. Hausar a karkace, harshen ya yi nauyi, amma Hausa ce. Kuma "Inna" ta ce, sunan da rabon da in ji shi a bakinta tun tana wasa da 'yar tsana. Ban juya ba, don kada ta ga fuskata. Na ce, "Na ji. Tafi kada mota ta bar ki." Tun daga wannan minti na ƙudura a raina cewa ko zan mutu da ƙyama, sai ta dawo ta tarar da abar nan da rai, ta ci ta ƙoshi.

Ta bar min takarda manne a jikin firij. Kada a taɓa ta har kwana bakwai, sabon wuri ne, sai ta saba. Kada a ɗaga ƙoƙon da take ɓuya a ciki. A canja ruwa kullum, a yayyafa wa ɓawon kwakwar da aka shimfiɗa mata ruwa kaɗan don ya riƙe laima. Akwai shimfiɗar lantarki a ƙarƙashin gilashin mai ba da ɗumi, kada a kashe, ga ma'aunin zafi, ga lambar da bai kamata ya sauka ƙasa da ita ba. Rana ta bakwai a ba ta ɓera. Sai a layin ƙarshe ta rubuta a riƙa rufe ƙofar ɗakin. Shi ke nan abin da ke takardar, na karanta ta ya fi sau ashirin, na haddace.

Motarta ba ta kai Bi'ir Ali da ke bakin gari ba na ɗauke tawul ɗin na jefa a injin wanki. Na tura ƙofa, wani warin rufaffen ɗaki da jiƙaƙƙen ɓawon kwakwa ya buge ni. Subhanallahi! A haka mutum yake kwana? Mu a gidanmu ba abin da ke shigowa sabo ba a turara shi ba. Amarya a turara ta, jariri a turara kayansa, baƙo a turara masa ɗaki, ko sabon zane ne sai ya hau kan kabbasa ya sha hayaƙi kafin a ɗaura. Haka na taso na ga mahaifiyata na yi. Na ce to, tunda an ce amana ce, zan yi mata abin da ake yi wa baƙo. Na zuba garwashi a kasko, na ɗebo haɗina mafi tsada, wanda nake ajiye wa amare, na ajiye a gefen akwatin, na ja ƙofa na rufe ruf kamar yadda takarda ta ce.

Safe da yamma nake yin haka. Da rana kuma in bar ƙofar a buɗe ɗakin ya sha iska, don ni a ganina dare ake nufi da rufe ƙofa. A makon nan ina da aikin biki, kasko ba ya hutawa a falo, mukayyif kuma yana ta aiki don lokacin zafi ne. Duk sauran abin da ke takardar ban saɓa ko ɗaya ba. Ni da ban taɓa kallon maciji sau biyu ba, ga ni durƙushe ina canja masa ruwa, ina zaginsa ƙasa-ƙasa.

A rana ta biyu Hajiyar ƙasan bene ta hawo. Bakanuwa ce, ta girme ni da kusan shekara ashirin, tun zuwana muke tare, ba abin da ke shiga gidan nan bai biya ta idonta ba. Ta ce ta ji labari. Ta ce ai na san nan Madina ce, macijin gida ba a yi masa gaggawa, sai an yi masa gargaɗi kwana uku, don ana samun aljanu Musulmi da ke shiga siffarsa.

Na ce, "Hajiya, wane aljani ne ake sayowa a shago har da takardar shaida?"

Ta ce, "Ke dai ba ki da ta ido. Matsa min."

Don girmanta na matsa. Ta tsaya gaban gilashin, ta gyara mayafi, ta yi wa 'yar mesa sallama, ta ce mata in baiwar Allah ce Musulma to ta fita salin-alin, nan gidan marainiya ne. Ba abin da ya motsa. Washegari ta dawo, wannan karon har da ƙwanƙwasa gilashi da zobenta. A zuwanta na uku ina kicin na ji ƙarar murfi, na fito a guje na tarar ta sa sandarta ta ɗaga ƙoƙon, wai ta ga ko an tafi. 'Yar mesar ta dunƙule tamau. Na ce, "Haba Hajiya! An ce kada a ɗaga!" Ta ce ita ta sauke nauyi, kwana uku sun cika, abin da ya rage tsakanina da Allah. Ta sauka tana mita.

Rana ta bakwai ta zo. Jariran ɓeraye ne daskararru a leda, yarinyar nan ta cusa min su a firiza, gefen naman miyata. A gefen namana! Na ciro ɗaya ina kau da kai, na jiƙa a ruwan ɗumi har ya saki, na kama bindinsa da dogon hantsakin da ta bari. Bayan magariba na rage haske, na buɗe murfi, na riƙa kaɗa shi a bakin ƙoƙon kamar yadda ta nuna min. Kan ya leƙo, harshe ya fito sau biyu, sai ta janye ta koma. Na yi minti ashirin a durƙushe har gwiwoyina suka sage. Na ce, "Ci mana, 'yar banza! Ni na taɓa yi wa wani wannan bautar?" Ko a jikinta.

Na kira Jidda. Ta ce, da Larabci, ba komai, sabuwar mesa takan ƙi ci karon farko, in bar ta kwana biyar in sake. Sannan ta tambaya ko ƙofar a rufe take. Na waiwaya, a lokacin kuwa a rufe take, kasko na ciki. Na ce, "A rufe mana, ni yarinya ce?" Kamar za ta ƙara wani abu, sai ta ce "ɗayyib" ta kashe.

A rana ta goma sha biyu ko kallon ɓeran ba ta yi ba. Kuma ba ta cikin ƙoƙon. Tana waje, ta jingina da gilashi, ta ɗaga kai sama, bakinta a ɗan buɗe. Na kasa kunne na ji wani siririn sauti kamar fito duk lokacin da ta ja numfashi. Da safe na ga kumfa a gefen bakinta.

Nan zuciya ta ciyo ni. Ko mayafi ban ɗauka daidai ba na dira ƙasa na buga ƙofar Hajiya. Na wanke ta tas. Na ce ita ta firgita ta da sandarta da zobenta, ita da shisshiginta da ba a gayyace ta ba, shekara talatin tana sa min ido a tukunya yanzu ta kai ga kashe min amana. Matar nan da ta yi min wankan jego, ta tsaya riƙe da ƙofa tana kallona. Da na gama ta ce, "Allah ya huci zuciyarki. Ki kai ta asibiti." Ta rufe ƙofarta a hankali.

Da safar hannu na sa 'yar mesar a robarta, na naɗe robar da gyalena don kada sanyin mota ya kama ta, na tari tasi zuwa wani likitan dabbobi a Jurf. Basudane ne, dattijo mai furfura. Ya warware gyalen, ya buɗe murfi, bai ma taɓa ta ba tukuna sai ya sunkuya ya shinshina robar. Ya ɗago ya dube ni.

"Hajiya, wa ke kunna bakhur a ɗakin da take?"

Turaren wuta yake nufi. Na ce ni ce, safe da yamma, kuma ba irin na kasuwa ba ne, haɗin hannuna ne, sandal ne zalla da hawi da miski. Har da alfahari na faɗa, Allah ya yafe min.

Ya cire tabarau ya ajiye. Ya ce hayaƙi hayaƙi ne, ko na sandal ko na taya. Ya ce maciji ba ya iya tari. Ni da shi in hayaƙi ya shige mu za mu yi tari mu fitar, ita kuwa abin da ya shiga huhunta ya zauna ke nan. Ga ta jaririya, ga sabon wuri, ga sanyin mukayyif na shiga ta buɗaɗɗiyar ƙofa, huhun ya kamu.

Na hau shi da faɗa. Na ce turaren da aka turara ni da shi ina jaririya, na turara 'yata da shi, shi ne zai ce yana kisa? Na ce wata tsohuwa ce ta ɗaga mata ƙoƙo da sanda. Ya ce ɗaga ƙoƙo sau ɗaya ba ya sa kumfa a baki. Ya yi mata allura, ya ce in dawo da ita duk bayan kwana biyu, in ƙara mata ɗumi, kuma ko ashana kada a ƙyasta a gidan. Bai yi min alkawarin komai ba.

A tasi ina ta huci ni kaɗai. Ina jin haushin likita, ina jin haushin mai shagon da ya sayar da jaririya, ina jin haushin yarinyar da ta cika takarda da lambobi ta kasa rubuta kalma ɗaya, hayaƙi. Da na shiga gida na tsaya a falo, karon farko a rayuwata na ga abin da ido ke gani: silin ya yi ruwan ƙasa, labule ya yi nauyi, hasken taga na ratsa wani shuɗin hazo da ban taɓa lura da shi ba.

A ranar na kwashe kasake da gawayi da kwalabe na hau da su saman bene. Na sauke labulaye na wanke, na goge bango da ruwan khal, na buɗe tagogi. Na ciro tawul ɗin nan daga cikin wanki, na naɗe shi da hannuna, na durƙusa na cusa a ƙasan ƙofarta. Ina cusawa na ji wani abu ya soke ni a ƙirji, amma na ƙi tsayawa in saurare shi. Aikin bikin a rana na ƙarasa shi, a saman bene, zafin Madina na dukan tsakar kaina. Hajiya kuwa na kasa haɗa ido da ita. Na ajiye mata kwalbar humra a bakin ƙofa na gudu, ita kuma ta aiko min da kunun gyaɗa, aka bar maganar a haka.

Sau biyu na mayar da ita allura. Ban gaya wa Jidda komai ba, in ta kira sai in ce lafiya lau. Nakan zauna gaban gilashin in yi ta yi mata magana da Hausa, ni da na ce ba za ta kwana min a gida ba. Ina ce mata ta yi haƙuri, ta daure kwana kaɗan, uwar ɗakinta na hanya. Akwai ranar da fiton ya ragu har na yi sadaka.

Rana ta goma sha tara da hantsi na shiga canja ruwa na same ta a miƙe. Tun da ta zo gidan ban taɓa ganin tsawonta gaba ɗaya ba sai ranar. Na sa yatsa na taɓa ta, karon farko, ba ta dunƙule ba. Ni da Hajiya muka naɗe ta a farin ƙyalle muka binne a gindin wani dabino, a tsohuwar gonar da ke bayan layinmu. Hajiya ba ta ce min ai ga shi nan ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo.

Bayan kwana biyu 'yata ta dawo. Ta turo ƙofa da jakarta, ta yi sallama, sai ta tsaya cak a tsakiyar falo. Ta ja numfashi mai tsawo ta hanci. Ta dubi inda kasko yake zama, ta dubi tagogi a buɗe, ta dubi tawul a ƙasan ƙofarta, wanda ba irin naɗinta ba ne. Ba ta ko shiga ɗakin ba ta gane.

Ni kuwa, maimakon in ba ta haƙuri, sai bakina ya riga ni. Na fizgo takardar daga jikin firij ina kaɗa mata.

"Ina hayaƙi a nan? Nuna min! Kin rubuta ruwa, kin rubuta ɓera, kin rubuta lamba. Me ya hana ki rubuta kada a yi turare? Da kin rubuta da yanzu tana nan! Ni na kashe ta, na yarda, amma ke me ya rufe miki baki?"

Ta ajiye jakar. Idonta ya kawo ruwa amma muryarta ba ta yi rawa ba. Kuma da Hausa ta amsa, a hankali, tana laluben kalmomin ɗaya bayan ɗaya.

"Inna, tun ina aji huɗu nake gaya miki yana shaƙe ni. Kin ce mukayyif ne. Kin ce sana'ar kakata ce, da ita kike ciyar da ni. Sai na daina faɗa, na sa tawul. In na rubuta, za ki ce na raina ki. Na zaci za ki bar tawul ɗin."

Tun da ta girma ban taɓa jin ta yi Hausa mai tsawon wannan ba, kuma ban ƙara ji ba. Ta ɗauke tawul ɗin, ta shiga, ta rufe ƙofa.

Tun daga ranar garwashi bai ƙara shiga gidan ba. A saman bene nake aiki, rani da hunturu, na yi baƙi na rame, masu saye suna tsokanata wai na koma 'yar gawayi. Abin fesawarta yana kan firij, ƙura ta rufe shi, rabon da ta ɗauka har na manta. Duk ranar da idona ya faɗa kansa sai raina ya ɓaci, don shekara goma sha biyar 'yata tana tari a gabana ban ji ba, sai da abin da ba ya iya tari ya mutu a hannuna.

Na ce mata ta sayo wata, zan kula da ita, yanzu na iya. Ta ce, "Ma'alesh, Mama." Wato ba komai, a bar shi. Akwatin gilashin yana nan a ɗakinta, ta wanke shi ta zuba littattafai a ciki. Tawul ɗin ma ta daina sa shi, tunda babu hayaƙin da zai tare. Ƙofar dai har yau a rufe take.